Fiyano Mai Araha: Riba Ko Asara Ga Matasan Mafara, Bakura Da Maradun?

Ranar Talata, tun kafin rana ta take, kasuwar Mafara ta cika ta batse. Motocin Gusau da na Sakkwato sun yi layi a bakin titi, 'yan kabu-kabu daga ƙauyukan Bakura da Maradun suna ta sauke buhuna, masu shinkafa da albasa da tumatir na noman Bakolori kowa na kiran mai saye. A saman wannan hayaniya akwai sautin da ba ya yankewa, wato kiɗan da ke tashi daga rumfunan masu tura waƙa a waya.

Wanda ya kasa kunne zai ji waƙar siyasa a wannan rumfa, ta soyayya a waccan, begen Manzon Allah a ta gaba, ga kuma tallar magani daga lasifikar da aka ɗaure a kan mota. Muryoyin sun bambanta, amma kiɗan da ke ƙarƙashinsu kusan duk daga fiyano ya fito.

A irin waɗannan rumfuna ake ganin samari sun haɗa kai a kan waya ɗaya suna kallon hoton da wani dillali ya turo daga Kano ko Legas: kwali dogo, maɓallai farare da baƙaƙe, da farashin da ya yi sauƙi har ya sa zuciya rawa. Ɗaya daga cikinsu ya sayar da rago, ko ya tara kuɗin aikin rani, yana so ya buɗe ɗan situdiyo. Abin da ke damunsa bai wuce tambaya ɗaya ba: wannan abu zai mayar da kuɗinsa?

Ƙasar kotso

Ba baƙon abu ba ne a ce kiɗa sana'a ce a wannan yanki. A ƙasar Bakura aka haifi Alhaji Musa Ɗankwairo a farkon ƙarni na 20, ya tashi a ƙasar Maradun cikin gidan kiɗa, ya gaji mahaifinsa Usman Ɗankwanda da yayansa Abdu Kurna, ya yi wa Sardauna Ahmadu Bello da sarakuna da dama waƙa har zuwa rasuwarsa a 1991.

Sa'idu Faru kuma, daga garin Faru ta ƙasar Maradun ya fito. Babban ubangidansa shi ne Muhammadu Macciɗo, wanda ya riƙe ƙasar Mafara da sarautar Sarkin Kudu tun kafin ya zama Sarkin Musulmi a 1996.

Waɗannan makaɗa ba su tafiya su kaɗai. Akwai masu kotso, akwai 'yan amshi, akwai sanƙira, ayari guda da kan kai mutum goma ko fiye. Kowa sai an ciyar da shi, an tufatar da shi, an ba shi rabonsa. Sarki ko attajiri ne ke iya ɗaukar wannan nauyi.

Yau kuwa mutum ɗaya da akwati ɗaya, a ɗaki ciki ɗaya, yana fitar da ganga da sarewa da goge na kwaikwayo, ya ɗora murya, kafin la'asar waƙa ta shiga wayoyi. Wannan ne ya buɗe ƙofar sana'ar ga 'ya'yan manoma da 'yan kasuwa da ɗaliban Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Abdu Gusau, waɗanda babu makaɗi ko ɗaya a zuriyarsu.

Yadda fiyano ya mamaye fage

Daga Kano iskar ta taso. Bayan fitowar Turmin Danya a 1990, finafinan Hausa na bidiyo suka fara neman kiɗan da zai raka waƙoƙinsu ba tare da an tara makaɗa ba. Ƙananan fiyanon Casio aka fara lallaɓawa da su, sannan a ƙarshen shekarun 1990 situdiyoyi irin na Iyan-Tama suka kawo Yamaha samfurin PSR. Lokacin da fim ɗin Sangaya ya fito ya karaɗe Arewa, kunnen jama'a ya riga ya saba da sabon sautin.

Daga nan sai siyasa ta karɓe. Dawowar mulkin farar hula a 1999 ta zo da buƙatar waƙa ga kowane ɗan takara, daga kansila har gwamna. Wannan yanki kuwa ya fi ko'ina ɗanɗana haka a Zamfara, domin ƙananan hukumomin nan uku kowace ta fitar da gwamna: Ahmad Sani Yariman Bakura daga 1999 zuwa 2007, Abdul'aziz Yari na Talata Mafara daga 2011 zuwa 2019, sai Bello Matawalle na Maradun daga 2019 zuwa 2023.

Manyan 'yan siyasa Kano da Kaduna suke aikawa a yi musu waƙa a wajen irin su Rarara. Amma ɗan takarar kansila, da shugaban matasan mazaɓa, da mai kantin da ke son talla, da makarantar Islamiyya mai shirin walimar sauka, duk na gida suke nema. Wannan ƙaramar kasuwa ce matasan ke hange idan suna kallon hoton kwalin nan.

Me ya sa kowa ke neman mai araha?

Amsar tana cikin darajar naira. Babu fiyanon da ake ƙerawa a Najeriya, duka da dala ake shigo da su. A farkon 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati. Bayan an saki naira a watan Yunin shekarar, sai ga ta ta haura 1,500 a cikin 2024.

Ƙaramin fiyano na kamfanin da aka sani, irin wanda ake koyo da shi, yana kaiwa dala 200 ko kusa da haka a kasuwar duniya. Da canjin 2024, kuɗinsa ya zarce naira dubu 300 kafin a sa kuɗin fito da ribar ɗan kasuwa. Ma'aikacin da ke karɓar mafi ƙarancin albashi na naira dubu 70 sai ya tara na fiye da wata huɗu bai ci ba bai sha ba.

Na tsakiya, wanda situdiyoyin birni ke aiki da shi, yana wajen dala dubu. Manyan kuwa, irin Yamaha Genos da manyan Korg Pa, dubban daloli ne, ba ma a kawo zancensu a nan.

Ga kuma cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, wanda ya ninka kuɗin mota da na janareta. Ga matsalar tsaro da ta rage bukukuwan ƙauye da tafiyar dare. Mutanen yankin ba su manta da watan Satumban 2021 ba, lokacin da aka katse layukan waya aka kuma rufe kasuwannin mako a Zamfara. Mai sana'ar da ya ga irin wannan ba ya son zuba duk jarinsa a abu ɗaya, don haka ido ya koma kan mai sauƙin kuɗi.

Kaya uku, aiki uku

Kuskuren farko da masu saye ke yi shi ne ɗaukar duk mai maɓallai a matsayin abu ɗaya. A kasuwa iri uku ne, kuma aikinsu ya sha bamban.

Na farko shi ne mai rakiya. Yana zuwa da sautuka ɗaruruwa da aka riga aka ɗora masa, da kiɗan ganga da ke tafiya da kansa, hannun hagu na juya shi, na dama na bin waƙa. Yana da lasifika a jikinsa. Jerin PSR na Yamaha da CT na Casio duk a nan suke, kuma shi ne mafi yawan mawaƙan Hausa suka sani.

Na biyu shi ne mai ƙirƙirar sauti, wanda ake kira sintisaiza. Shi ba kwaikwayon kayan kiɗa ya sa gaba ba. Daga wutar lantarki yake haifar da sauti, mai shi ya riƙa murɗa 'yan maƙunnai yana tace shi, yana kaurara shi ko sirantar da shi. Minimoog na 1970 da Yamaha DX7 na 1983, wanda aka sayar kusan dala dubu biyu, su ne kakanninsa. A 'yan shekarun nan kamfanoni sun karya farashinsa: Korg ya fito da ƙananan Volca a 2013, Behringer kuma ya kwaikwayi Minimoog ya sayar a wajen dala 300.

A Turai da Amurka wannan araha ce ta gaske. Amma da yawansu sauti ɗaya ko 'yan kaɗan suke fitarwa a lokaci guda, ba su da kiɗan rakiya, wasu ko lasifikar kirki ba su da ita. Wanda ya saye shi don ya je biki a Bakura ya sayi abin da ba zai iya tashi da taro shi kaɗai ba. Kayan ƙari ne ga situdiyon da ya riga ya tsaya da ƙafarsa.

Na uku ba ya fitar da sauti ko kaɗan. Maɓallai ne kawai da ake jonawa da kwamfuta ta hanyar MIDI, tsarin da kamfanoni suka amince da shi tun 1983, manhaja irin FL Studio ko Cubase ta yi sauran aikin. Shi ya fi duka sauƙin kuɗi, sai dai sai mai kwamfuta.

A gwada kafin a biya

Kwalin fiyano mai araha ya iya zance. Zai ce sautuka ɗari biyar, kiɗa ɗari biyu, waƙoƙin gwaji tamanin. Masu aikin sun san cewa a cikin ɗari biyar ɗin nan, waɗanda za a yi amfani da su kullum ba su kai ashirin ba. Abin dubawa yana wani wuri.

Idan gwani zai gwada fiyano, ba ya fara da kiɗa. Zai sa yatsa ɗaya ya bi maɓallan nan 61 ɗaya bayan ɗaya, daga hagu zuwa dama, fari da baƙi, yana sauraron wanda ya yi shiru ko ya yi tsawa fiye da 'yan'uwansa. Sai ya koma tsakiya, inda hannu ya fi zama, ya taɓa maɓalli ɗaya a hankali, ya sake dukansa da ƙarfi. In sautin bai canza ba, fiyanon ba ya jin nauyin yatsa, kuma duk abin da aka kaɗa da shi zai fito a miƙe, babu lallashi babu zafi.

Daga nan zai kunna kiɗan rakiya, ya danne maɓallai da yatsu goma. Fiyanon da ke ɗaukar sauti 32 kawai a lokaci guda zai fara haɗiye wasu, a ji kiɗan yana giɓi. Mai 48 ya fi dama, mai 64 zuwa sama ya wadatar.

Sai ya juya bayansa ya duba ramuka. Akwai inda za a jona shi da babbar lasifika, ko ramin abin sawa a kunne ne kaɗai? Akwai na USB? Zai ƙure ƙara ba tare da ya taɓa komai ba, ya ji ko akwai gunji ko tsaki a ƙasa. Abin da kunne ya yafe a shago, na'urar ɗaukar murya ba ta yafe shi.

A ƙarshe zai bar shi a kunne wajen rabin sa'a, ya taɓa adaftar ya ji ko ta yi zafin da ya wuce kima. Wanda ya sayi kaya ta hoto ya tura kuɗi, duk wannan gwajin ya wuce shi. Shi ya sa masu wayo kan nemi ɗan'uwa a can ya je ya gwada, ana kallo ta kiran bidiyo.

Kiɗan Hausa da nasa sharaɗi

Akwai ma'aunin da masu sharhin kayan kiɗa na ƙasashen waje ba sa sawa, alhali a nan shi ne kan gaba. Fiyanon da ake kawowa an cika shi da kiɗan Turawa da na Latin Amurka. Ba a ɗora masa kiɗan kotso ko na kalangu ko na ƙwarya ba.

Yawancin kiɗanmu tafiyar uku-uku yake yi, mai rangaji, ganguna suna shiga tsakanin juna. Fiyanon da ba ya barin mai shi ya haɗa nasa kiɗan ya adana, ko ya ɗora wanda ya samo a wajen abokan sana'a, zai tilasta masa rera waƙar Hausa a kan takun da ba nata ba. Da yawa daga cikin mafiya araha a kulle suke ta wannan fuska.

Na biyu, Hausa harshe ne mai karin sauti, kuma kalangu da kotso suna binsa. Makaɗi na matse tsarkiya sautin ya hau, ya sassauta ya sauka, har ganga ta faɗi kirarin mutum a gane. Maɓallan fiyano kuwa matakai ne tsayayyu. Abin da ke ba shi damar zamewa tsakanin matakan ita ce 'yar tayar nan da ke gefen hagu, wadda ake murzawa da babban yatsa. Da ita ake sa sarewar fiyano ta yi kuka, gogensa ya yi lanƙwasa. Ƙananan samfura da dama ba su da ita, kuma rashinta ya fi rashin sautuka ɗari uku ciwo.

Wuta, ƙura da mai gyara

Zamfara na cikin jihohi huɗu da kamfanin rarraba wuta na Kaduna ke kula da su, kuma mutanen waɗannan garuruwa sun san yadda wutar take: ta zo, ta tafi, wani lokaci ta dawo da ƙarfin da zai ƙona kaya. Ƙaramin janareta ma ba ya ba da wuta daidai.

A nan ƙaramin fiyano yana da wani fifiko a kan babba. Wutar da yake ci kaɗan ce, da yawa suna aiki da batura shida irin na tocila, kuma ƙaramar sola tana ɗaukarsu. Ana iya goya shi a babur zuwa ƙauye. Babba kuwa sai mota, sai wuta tsayayya.

Abin da ya fi kashe su shi ne adaftar da ba tasu ba. Wasu volt 12 suke so, wasu tara da ɗoriya, kuma ba duka bakinsu ke tafiya iri ɗaya ba. In ta asali ta ƙone aka sayo ta rediyo aka cusa, sai a ji ƙauri.

Sai ƙurar hunturu. A ƙarƙashin kowane maɓalli akwai 'yar roba mai taɓa allon lantarki. Ƙura na shiga tsakaninsu, maɓallin ya mutu ko ya riƙa ihu. Zafin bazara, da kan haura digiri 40, yana busar da robar, yana dusashe allon rubutu. Mayafi mai kauri da jaka mai zif sun fi kowane garanti amfani a nan.

In ya lalace, wa zai gyara? Mai gyaran rediyo na gari zai iya buɗewa ya goge, ya yi walda, ya canza rami. Amma in roba ta yage, sai an nemo irinta. Ta Yamaha da Casio ana samu a Sabon Garin Kano ko Alaba ta Legas, ko a ciro daga mataccen irinsa. Ta fiyanon da ba a san kamfaninsa ba kuwa, babu inda za a dosa.

Sabo, na hannu, da jabu

Da kuɗi ɗaya, mai saye na da zaɓi uku. Zai iya ɗaukar sabon ƙaramin fiyano na sanannen kamfani, ko tsohon babba ɗan Kwatano, ko kuma sabo fil mai ƙyalli wanda sunansa ya yi kama da na wani kamfani amma harafi ɗaya ya sauya.

Masu situdiyo da suka daɗe sun fi karkata ga na biyu. Tsohon PSR na tsakiya, ko da ya shekara goma sha, yakan zo da tayar lanƙwasa sauti, da wurin haɗa kiɗa, da ramukan fita na kirki. Haɗarinsa shi ne ba a san wahalar da ya sha ba, kuma mafiya tsufa da faifan fulofi suke adana aiki, abin da ya ɓace daga kasuwa. Wasu an ƙera su don wutar Amurka ko Japan, sai an lura da adaftarsu.

Na ukun shi ne tarkon. Ba shi da nauyi a hannu, maɓallansa na ƙara kamar za su ɓalle, wani ma da makirfo na wasan yara yake zuwa. Ga yaron da ake so ya saba da maɓallai a gida, babu laifi. Ga mai neman abinci, araha ba ta ado.

A wajen ciniki ma akwai alama. In mai kaya ya yi saurin sallamawa tun tayin farko, ko ya ƙi a buɗe kwali sai an biya, to a yi hattara. Ɗan kasuwar da ya yarda da kayansa shi ke cewa, “Malam, jona ka ji da kunnenka.”

Lissafin da ya kamata a yi

A ɗauki misali kawai, domin farashi na sauyawa kowane wata. Wani ya sayi fiyano naira dubu 300. Kafin ya fara aiki sai ya ƙara ƙafar ɗorawa, wayoyi, jaka da na'urar daidaita wuta, a ce dubu 50. In kowane aiki yana bar masa dubu 10 bayan ya cire mai da abin sallamar yara, sai ya yi aiki 35 kafin uwar kuɗi ta dawo.

Aikin kuma ba kullum ba ne. Yana yawa bayan kaka, da gab da azumi, da bayan salla, da lokacin yaƙin neman zaɓe. Da damina kowa na gona. Ke nan abin da za a tambaya shi ne ko fiyanon zai rayu ya ga kaka biyu ko uku.

Wani kuma ya sayi mara suna a dubu 80, ya yi murna ya tsira da dubu ɗari biyu da wani abu. Bayan wata biyar maɓallai uku sun mutu a tsakiya, babu kayan gyara, babu mai saye ko a rabin kuɗi. Na farkon, in ya gaji ko buƙata ta taso, zai sayar da nasa ya sami kaso mai tsoka, wani lokaci ma faɗuwar naira ta sa ya mayar da abin da ya biya. Abin da Bahaushe ke nufi ke nan da sayen nagari mayar da kuɗi gida.

Kowa da inda ya tsaya

Masu goyon bayan fara da ƙarami suna cewa jiran babba shi ne zama babu komai. A ganinsu, saurayin da ya sami abin taɓawa kullum zai goge, ya fara ƙananan ayyuka, ya tara ya canza. Iya kuɗinka, iya shagalinka.

Matasan da suka taso da kwamfuta suna ganin zancen ma ya tsufa. Da tsohuwar laftof da maɓallan MIDI, in ji su, za a sami sautukan da suka fi na fiyanon miliyan, har a ɗauki kalangu na gaske a yanka a jera. Masu ja da su kan tuna musu cewa kwamfuta na sanƙarewa a tsakiyar taro, batirinta na mutuwa, kuma manhajar sata na zuwa da cuta. A situdiyo kwamfuta ta yi gaba, a fili kuwa fiyano bai da na biyu.

Makaɗan gargajiya nasu ƙorafin daban ne. Suna ganin akwatin ya karya farashin aiki, ya sa mai biki na biyan mutum ɗaya abin da bai kai na ayari ba, ya kuma sa yara na gudun wahalar koyon ganga. Dattawan da suka ji Ɗankwairo da kunnensu kan ce waƙoƙin yanzu duk kiɗa ɗaya ne, suna kawai ake sauyawa. Akwai gaskiya a ciki, kuma wani ɓangare na laifin na fiyanon da ba ya barin a fita daga abin da aka ɗora masa ne.

Ga kuma ɓangaren malamai. A jihar da ta fara ƙaddamar da shari'ar Musulunci a 1999, matsayin kayan kiɗa abu ne da ake saɓani a kai, kuma Hisba da masarautu kan sa ido a kan bukukuwa, musamman cakuɗuwar maza da mata da kiɗan dare. Wannan ma yana shiga lissafin mai saye, domin yana rage yawan aikin fili, yana tura sana'ar cikin situdiyo, wajen talla da waƙoƙin faɗakarwa da na makarantu.

Abin da ƙaramin kaya ya taɓa yi

Tarihi ya nuna ƙaramin kuɗi ba ya hana babban aiki. A 1981 Casio ya fitar da wani ɗan fiyano, MT-40, wanda aka ɗauka na wasa ne a gida. A tsakiyar shekarun 1980 wasu matasa a Jamaika, Wayne Smith da Noel Davey, suka tsinci wani kiɗa a cikinsa suka kai wa mai situdiyo King Jammy. Kiɗan da ya fito, Sleng Teng, an ɗora masa waƙoƙi ɗaruruwa, kuma shi ya juya reggae zuwa zamanin na'ura.

Kusa da gida, Mamman Sani na Nijar ya sami wata ogan ta lantarki ƙirar Italiya mai suna Orla, ta hannu, ya ɗauki kiɗansa a gidan rediyon ƙasa da ke Yamai a 1978. Shekaru ana jin sautinsa a rediyo da talabijin na Nijar, kafin kamfanin Sahel Sounds ya sake fitar da shi ga duniya a 2013.

A duka biyun, kayan masu sauƙin kuɗi ne amma na gaskiya, sun yi abin da aka ce za su yi, sun kuma jure. Sauran aikin kunne ne da hannu.

Ina aka kwana?

Da kakar zaɓen 2027, dillalai za su ƙara turo hotuna, farashi zai motsa, matasa da yawa za su yi gaggawar saye don kada aiki ya wuce su. Wanda zai fitar da kuɗinsa ya fara sanin aikin da zai yi. In fili zai shiga, mai rakiya yake buƙata, mai batir, mai ramin babbar lasifika. In situdiyo ne kuma yana da kwamfuta, maɓallan MIDI da makirfo mai kyau sun fi masa. Mai ƙirƙirar sauti ya jira sai sana'a ta kankama.

Bayan haka ya tabbatar da abu huɗu: maɓallan na jin yatsa, ana iya sa masa kiɗan gida, akwai kayan gyaransa a Kano, kuma in an kai shi kasuwa gobe za a taya. Fiyanon da ya cika waɗannan ya ci kuɗinsa ko da tsoho ne mai tabo. Wanda ya faɗi a biyu daga ciki ya yi tsada ko nawa aka sallama shi, kuma gara mutum ya ƙara wata uku yana tari, yana koyon hannu a situdiyon wani, da ya mayar da kuɗin ragonsa kwalin da za a tura ƙarƙashin gado.